Masta a mekatronik: in tafi karatu ko in zauna a injin shinkafa?

DanJega_EE:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu injiniyoyi da ke cikin wannan zaure. Na karanta injiniyan lantarki, na fita da 2:1, na gama bautar ƙasa, yanzu ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan jihar Kebbi, ɓangaren wuta. Raina ya kwanta da mekatronik, karatun nan da ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta, har ina tunanin yin digiri na biyu a kai, ta fannin masana'antu masu sarrafa kansu. To amma hankalina ya rabu biyu. A gida ya kamata in yi ko in nemi waje? Kuma in na gama, akwai inda zan ci abinci da shi a Kebbi ko Zamfara ko Sakkwato, ko sai na koma Legas? Baba cewa yake yi tunda Allah ya ba ni abin yi in riƙe shi da kyau. Wanda ya san harkar ya taimaka don Allah.

Sarkin_Yaki_BK:
Wa alaikumus salam. Mekatronik a Kebbi? Ƙanena, riƙe maganar Baba. Masu masta nawa ne ke yawo da fayil a sakateriya suna neman a ɗauke su ko da koyarwa a firamare?

Injiniya_Argungu:
DanJega, kafin a kai ga jami'a bari in tambaye ka: a kamfanin naku wa ke taɓa kala sota idan ta tsaya? In kai ne, to ka riga ka fara mekatronik. Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce na'urar da shinkafa ke bi daf da a zuba ta a buhu. Shinkafar na gangarowa ta kwararo, kyamarori na kallon kowace ƙwaya tana faɗowa, da sun hango baƙa ko ja ko tsakuwa sai kwamfutar ta buɗe wani ɗan bawul, iska ta hure wannan ƙwayar ta faɗa gefe. Duk kafin ka ƙifta ido. Kanikanci da lantarki da kyamara da manhaja da iska, a akwati ɗaya.

A wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, tasu ta fara zubar da shinkafa mai kyau cikin ta banza, baƙar kuma tana wucewa buhu. Dillalai suka fara maido da kaya. Mai kamfani ya ce a kira mutanen da suka kafa ta, aka biya kuɗin jirgi da otal. Mutumin ya zo, ko allon kwamfutar bai taɓa ba. Ya zagaya bayan gini wurin kwamfuresa, ya murɗe famfon da ke ƙasan tankin iska, ruwa mai tsatsa ya yi ta zuba har ya jiƙa masa takalmi. Ashe na'urar busar da iska ta daɗe da mutuwa, wani ya zagaye ta da tiyo don kada aiki ya tsaya. Ruwa ya shiga bawul-bawul ɗin, wasu na maƙalewa a buɗe, wasu a rufe. Ga kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashin kyamara saboda abin gogewar ya daina motsi. Ya canza abin da ya lalace, ya karɓi kuɗinsa da dala, ya hau jirgi.

Irin wannan mutumin muke nema a Kebbi, kuma babu jami'ar da za ta koya maka zagayawa bayan gini. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 harkar shinkafa ta buɗe. WACOT ta fara aiki a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, ga matsakaita da ƙanana birjik. Ga kamfanin tumatir na GBfoods a Ngaski. Kowanne akwai fanel, akwai PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da injina, akwai inbata mai juya moto. Masu iya su ne babu. Shawarata ka yi shekara biyu ko uku kana koyon PLC da hannunka, sannan a yi maganar masta.

Abu_Safwan:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Yau na san dalilin da shinkafar kamfani ba ta da tsakuwa.

Malam_Lakcara:
Injiniya_Argungu, labarinka ya yi daɗi, amma ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Abin da wancan mutumin ya yi aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma muna bukatarsa ƙwarai. Digiri na biyu ba don shi aka yi shi ba. Mai masta shi ne wanda za a ce masa: ga matsala, babu na'urarta a kasuwa, ko akwai amma ba ta dace da mu ba, zana mana. Nan ne lissafin sarrafa na'ura ke shigowa, da yadda ake kwatanta injin a kwamfuta kafin a yanke ƙarfe ko ɗaya, da sarrafa hoto, da tsarin moto, da lissafin motsin hannun robot.

Bari in ɗauki misali daga wurin aikin DanJega. Shinkafar da aka turara takan fito da danshi sosai, sai an busar da ita ta sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa. In aka yi gaggawa aka ba ta zafi da yawa, ƙwayar ta tsage daga ciki, da ta shiga injin sai ta kakkarye. Kowa ya san bambancin farashin doguwar shinkafa da gutsattsari. A injina da yawa har yanzu wani ne ke ɗebo ta a hannu ya ciza ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Wanda zai haɗa sensa ta danshi da ta zafi, ya ɗaure su da wutar ƙaiƙayi da fanka, ya daidaita PID, wato lissafin da ke ƙara ko rage wuta gwargwadon abin da sensa ta auna, har na'urar ta riƙa rage zafi da kanta, wannan firojet ne na masta cikakke, kuma kuɗi ne tsagwaronsu ga mai kamfani.

Maganar inda za a yi a gida: akwai sashen mekatronik a Jami'ar Bayero ta Kano, da jami'ar fasaha ta Minna, da ATBU Bauchi, da AFIT ta sojojin sama a Kaduna. A ABU Zariya kuma an daɗe ana koyar da fannin sarrafa na'ura. Amma kada ka sayi fom saboda suna. Hau mota ka je sashen. Ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje, ka ga ko kayan na kunnuwa ko an lulluɓe su da leda ana jiran masu tantancewa. Ka nemi ɗaliban da ke ciki ka tambaye su wace shekara suka shiga. Sannan ka san wanda zai duba aikinka, da ɗalibai nawa ke hannunsa.

Sarkin_Yaki_BK:
Malam ka faɗi gaskiya a ƙarshe. Ni masta ta a wata jami'a an ce wata goma sha takwas ne, sai ga yajin aikin 2022 ya cinye wata takwas, sufabaiza kuma ya tafi hutun bincike da babi na uku a jakarsa. Ba ina hana yaro karatu ba ne, ina gaya masa abin da ke ƙasa.

Yauri_a_Jamus:
Salam. Tunda an tambayi waje, bari in faɗi na Jamus tunda nan nake. Yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin zango na 'yan ɗaruruwan yuro. Jihar Baden-Württemberg ce ke karɓar yuro 1,500 kowane zango daga 'yan wajen Turai, jami'ar fasaha ta Munich ita ma ta fara karɓa. Akwai masta na mekatronik da Turanci a Siegen da kuma jami'ar fasaha ta Hamburg. Inda gizo ke saƙar shi ne biza: sai ka kulle yuro 11,904 a asusu na musamman, a riƙa sakar maka 992 kowane wata. Ka buga shi da naira ka gani. An yarda ɗalibi ya yi aiki cikakkun kwanaki 140 a shekara, amma kada ka dogara da wannan a zangon farko, don karatun ba ya barin mutum ya numfasa.

Abu biyu da ba a gaya wa mutane. Na ɗaya, suna duba takardar sakamakonka darasi bayan darasi. Kai da ka yi lantarki za su nemi kanikancin da ka ɗauka, in bai kai ba su ƙi ka, ko su ɗora maka darussan cike giɓi. Na biyu, karatu da Turanci ne amma masana'anta da Jamusanci take magana. In kana son aikin ɗalibi a kamfani, wanda a nan ne ainihin koyon yake, fara koyon harshen tun kana Jega.

Maganar Injiniya_Argungu kuma tana da ƙamshin gaskiya ko a nan. 'Yan ajinmu da suka taɓa aiki a masana'anta kafin su zo, su ne ba sa jin tsoron fanel. Mu kuma mun fi su haddar lissafi, amma ranar farko a ɗakin gwaji hannunmu rawa yake.

KauraPoly_09:
Don Allah mu masu HND fa? Na gama a Kaura Namoda, kanikanci. Ko mu ba a yi da mu?

Malam_Lakcara:
Ana yi da ku. A gida hanyar ita ce ka yi PGD, wato babbar difloma ta gaba da digiri, tukuna, sannan masta. Ka tabbata PGD ɗin COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ta amince da shi, don da shi ne za ka iya rajista a matsayin injiniya, in ba haka ba kana nan a rukunin masu fasaha.

Gwandu_Tek:
Wannan abin shi ke ƙona min rai. A bita mu ne ke koya wa masu digiri yadda ake riƙe mita, amma a takarda su ne sama. Ɗan poli tun ND yake wanke hannu da fetur, ɗan jami'a sai a aji huɗu yake ganin kontakta, makunnin moto a fanel, ido da ido.

Ummu_Haidar:
Gwandu_Tek a yi haƙuri, kada a mai da zancen faɗan poli da jami'a, mun sha shi a zauren nan har ya gundure mu. Yaro tambaya ya yi.

Bakolori78:
Ɗiyana ku bari in sa baki ko da ban yi boko mai zurfi ba. Mu da munka ga Gusau lokacin da masaƙa ke aiki, jiniya na busawa da safe kekuna su cika hanya, ga gidan gurzar auduga, ga kamfanin mai, ga na alewa. Yanzu duk sun zama kango. To wanga karatu da kuka cewa na injin mai aiki da kanshi, ba shi za ya ida korar 'yan sauran da sunka rage ba? Mata nawa ne ke turara shinkafa a gida suna ciyar da marayu? 'Yan dako nawa? In injin ya ɗauke, su ina za su?

Injiniya_Argungu:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka ta fi ta kowa nauyi. Amma masaƙar Gusau da na Kaduna da Kano ba robot ne ya rufe su ba. Rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injina, da atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Waɗanda suka kashe mana kasuwar da sabbin injina suka yi. Koriya ta Kudu na da robot sama da 1,000 ga kowane ma'aikatan masana'anta 10,000, kuma ba su rasa aikin yi ba. China ita kaɗai ta kafa fiye da rabin sabbin robot na duniya a 2023. In ba mu iya ba, kayansu za mu ci gaba da saye.

Dan_Kasuwar_Jega:
Injiniya kada ka kawo mana Koriya. Can ma'aikaci tsada gare shi, shi ya sa injin ke biyan kansa. Nan Alhaji zai ɗauki 'yan dako ashirin su loda tirela, kuɗinsu na shekara bai kai na robot ɗin jera buhu ba, kuma ɗan dako ba ya neman sifiya daga waje. Ni ina sayar da shinkafa, na san abin da masu injin ke kashe wa kuɗi: abin da zai sa shinkafa ta fito fes, da awo ya cika daidai kilo 50, da abin da zai rage shan gas. In DanJega zai karanto robot mai gaɓoɓi shida, to ya nemi gida a Legas. In zai karanto abin da zai gyara inganci da rage asara, akwai kasuwa a nan.

Bakolori78:
To, na ji. Amma maganar matan nan ba ku ba ni amsa ba.

Ummu_Haidar:
Baba gaskiyarka. Ni dai abin da na gani, matan da ke turarawa a unguwarmu ba su daina ba, sai dai kasuwarsu ta koma ta masu sayen mudu. Da za a sami ƙaramin injin cire tsakuwa da na busarwa da ƙungiyar mata za ta iya saye, da sun fi haka. Masu karatun su dubi nan ma, ba sai manyan kamfanoni ba.

Nana_Aliero:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Na yi masta a mekatronik a Malesiya, kuma maganar Anti Ummu_Haidar ce ta sa na fito. Da na je, sufabaiza na da jerin firojet nasa, yawanci jirage marasa matuƙi da hannun robot. Na ce masa ni garinmu albasa muke nomawa, kuma kowace shekara manomi na kallon ta tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Ya yarda na yi aiki a kan rumbun da ke lura da zafi da danshi, ya kunna fanka da kansa da wutar sola.

A ɗakin gwaji komai ya tafi daidai, jadawali ya fito kamar a littafi. Da na dawo na kafa shi a gonar kawuna sai karatu na biyu ya fara. Ƙura ta toshe sensa ta danshi tana ba da lamba ɗaya dare da rana. Ɓera ya ci waya. Akwatin roba da na sa allon a ciki ya yi laushi da rana ta watan Afrilu. Kawu kuma tambaya ɗaya ya yi min: Nana, buhu nawa na albasa zan sayar in sayi wannan, kuma in ya lalace wa zai gyara in kina Birnin Kebbi? Babu darasin da ya shirya ni wa wannan tambayar, amma kuma ba don karatun ba da ban san yadda zan sake zana shi ba. Yanzu na rage kayan, na sa matattara a bakin sensa, waya ta bi cikin bututu, kuma duk abin da ke ciki ana samunsa a kasuwa a Sakkwato ko Kano.

Saboda haka Yaya DanJega, ni ba zan ce kada ka tafi ba. Amma ka tafi da matsalarka a aljihu. Ka ɗauki bayanan injin busarwarku na wata da watanni, zafi nawa, danshi nawa, gutsattsari kashi nawa. Malamin waje in ya ga ɗalibi da bayanan masana'anta na gaske, da gudu yake karɓarsa. Ka duba jami'ar IIUM a Malesiya, suna da sashen mekatronik, da E-JUST ta Masar kusa da Iskandariyya wadda aka kafa tare da Japan, da KFUPM a Dahran ta Saudiyya. Rayuwa a waɗannan ta fi sauƙi ga irinmu, ga abinci ga masallaci.

Abu_Safwan:
Masha Allah, 'yar Aliero ta burge ni. Allah ya ƙara basira.

Sarkin_Yaki_BK:
Hajiya Nana, tambaya ɗaya ba don raini ba: yanzu rumbun ne ke ciyar da ke ko albashi?

Nana_Aliero:
Albashi ne, Yaya, koyarwa nake yi. Rumbun bai fara kawo kuɗi ba tukuna.

Sarkin_Yaki_BK:
To kun ji.

Malam_Lakcara:
Sarkin Yaƙi, ai koyarwar ma da mastan ta same ta. Ga jami'ar Aliero, ga ta tarayya a Birnin Kebbi da ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Waziri Umaru, ga Kaura Namoda, ga Abdu Gusau a Talatar Mafara. Duk suna bukatar masu koyar da sarrafa na'ura waɗanda suka taɓa na'urar da hannunsu. In babu su, yaran da Injiniya_Argungu ke nema daga ina za su fito?

Kan tallafin karatu, tunda ba wanda ya taɓo: na asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, kuma ta dakatar da tura sabbin mutane waje daga Janairun 2025, sai na cikin gida. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na ba da na waje da na gida, amma sai ka nuna alaƙar karatunka da harkar mai da gas da makamashi, wanda ga mai sarrafa na'ura ba abu ne mai wuya ba. Akwai DAAD ta Jamus, akwai Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai da ke ba da yuro 1,400 a wata, kuma suna da kwas na mekatronik. Gasar tana da zafi, amma fom ɗin kyauta ne. Mai iyali kuma ya sani, Ingila ta hana masu masta na darasi tafiya da iyali tun Janairun 2024.

Kalambaina_Instr:
Ina aikin kayan awo a masana'antar siminti, kuma nakan zauna cikin masu tantance sabbin ɗauka. Gaskiya ba ma fara duba masta. Nakan ajiye wa mutum zanen fanel in ce ya bi min waya daga maɓalli zuwa moto. Sannan in tambaye shi me ya sa siginar sensa take farawa daga miliamfiya 4 zuwa 20, ba daga sifili ba. Amsar ba ta da wuya: in waya ta tsinke za ka ga sifili, nan take ka san matsala ce, ba wai tankin ne ya ƙare ba. Masu takardu manya da yawa a nan suke tsayawa. Amma in an ɗauki mutum, bayan wasu shekaru lokacin da ake neman wanda zai jagoranci sabon layi ko ya zauna da 'yan kwangilar waje a kan zane, nan mai zurfin karatu ke wuce sauran. Na ga haka da idona. Don haka ni a wurina tambayar ita ce wanne za ka fara, kuma na fi karkata ga Injiniya_Argungu.

Wani abu kuma, ku daina cewa sai Legas. Sakkwato na da layukan siminti a Kalambaina, ɗaya ma an buɗe shi a 2022. NASENI, hukumar ƙere-ƙere ta tarayya, na da cibiyar fasahar ƙere-ƙere ta zamani a Jalingo. Ba su da yawa, amma masu nema da suka cancanta sun fi su ƙaranci.

DanJega_EE:
Na gode ƙwarai, ban zaci zan sami amsoshi haka ba. Injiniya_Argungu, amsar tambayarka: ba a barin mu mu taɓa kala sota, sai dai mu share gilashi mu duba iska. Abin da ya fara sa ni tunanin karatun ma shi ne PLC ɗin ɓangaren turarawa. Siemens ne, waɗanda suka kafa sun sa masa kalmar sirri sun tafi. Ko lokacin jiƙa shinkafa muke so mu canza sai an kira su. Sannan inbatocinmu da zafi ya yi zafi sai su riƙa yankewa da rana tsaka. Malam_Lakcara, maganar injin busarwa ta shige ni, don mu ma cizawa ake yi. Hajiya Nana, zan fara rubuta bayanan daga wannan makon in sha Allah. Yauri_a_Jamus, kuɗin asusun nan ko gonar gidanmu aka sayar ban ce za su kai ba.

Injiniya_Argungu:
Inbata ba laifinta ba ne. Yawancinsu an yi su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu inuwa ma ta wuce haka, balle cikin fanel a rufe kusa da tukunyar tururi. Buɗe ka duba matattarar iskar fanel ɗin, na tabbata ƙaiƙayi ya toshe ta. Wanke ta, duba fankar da ke kan inbatar tana juyawa, in da hali a sa wa ɗakin na'urar sanyaya. Kada ka bari a bar ƙofar fanel a buɗe a kafa masa fankar tsaye kamar yadda ake yi, ƙura za ta gama da shi.

Kalmar sirri kuma kada ka yi gangancin fasa ta, kana iya goge manhajar gaba ɗaya kamfani ya tsaya, kai kuma ka kwana a ofishin 'yan sanda. Mai kamfani ne zai rubuta musu ya nemi kwafin manhajar, tunda ya biya. Masu sayen injin su koyi sa wannan a yarjejeniya tun farko. Kai kuma ka sauke manhajar CODESYS ko OpenPLC, kyauta ne, ka fara rubuta lada (ladder), wato harshen tsara PLC, a kwamfutarka. Ka zauna ka rubuta yadda ɓangaren turarawar ke aiki mataki-mataki, wane bawul ke buɗewa bayan wanne, ka gina naka a gefe. Ranar da ka gama wannan ka fi ƙarfin a kira ka mai canza fis.

Yauri_a_Jamus:
DanJega kada kuɗin su karya maka gwiwa, in ka sami DAAD ko Erasmus ba a neman asusun. Abin da zan ce ka fara yanzu shi ne neman takardar sakamakonka daga jami'a, don ita ce ke cinye lokaci, da jarrabawar Turanci. Kuma abin da Injiniya ya ce ka gina, ka ɗauki hotonsa da bidiyo, shi za ka rubuta a wasiƙar neman gurbi.

Gwandu_Tek:
Ko ka yi na wucin gadi a gida kana aikinka, Juma'a da Asabar. Ba sai ka ajiye albashi ba.

Sarkin_Yaki_BK:
Daga Birnin Kebbi zuwa Kano ko Minna duk mako? Da wannan hanyar da wannan kuɗin mota? Gwandu_Tek kai ma ka san ba mai yiwuwa ba ne. Ta Gusau zuwa Funtuwa ma mutum sai ya yi addu'a kafin ya hau.

Nana_Aliero:
Yaya DanJega, in ka fara ɗaukar bayanan, kada ka dogara da cizo. Ku nemi mitar danshi ta hannu, ku riƙa rubuta awa da zafin iskar shiga da ta fita, da irin shinkafar, don ta fadama da ta rani ba sa bushewa iri ɗaya. Kuma ka nemi izinin manaja a rubuce kafin ka fitar da komai.

KauraPoly_09:
Injiniya_Argungu ranka ya daɗe, kafin in tara kuɗin PGD, ko akwai wuri a wajenku da mutum zai zo ya koyi PLC ɗin nan ko ba albashi?

Injiniya_Argungu:
Turo min saƙo ta akwatin sirri. Sai bayan kaka in shinkafa ta shigo ake samun aiki sosai. Ka zo da takalmin aiki da mitarka, kwamfuta akwai ta ofis.